Abban Cikin Waya

Jama'a, wannan abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ko kaɗan ba. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Doha, ina zaune a unguwar Al Muntazah, a wani ɗan gida hawa na uku da tagarsa ke kallon shagon masu gasa kaji. Ana gab da fara maganar korona matata Bilkisu ta tafi Zariya haihuwar fari, da nufin in ta gama wanka ta dawo, ashe tafiyar kusan shekara uku ce. Aka rufe iyakoki, aka soke mana hutu, aka haifa min 'ya mace ina tsaye a kan marasa lafiya, aka yi suna ina kallo ta waya. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa muke ce mata Walida.

To tunda lokacin hutuna a wurin aiki shi ne ke dacewa da tashinta daga barci, kullum daga asibiti nake kiran bidiyo, da shuɗin kayan aiki a jikina, da takunkumi a fuska saboda doka ce. In Bilkisu ta ɗauka sai in ce, "Salamu alaikum, wa ke kan layi? Hajiyata ce?" Tun yarinyar tana gwaranci har ta iya amsawa da "Ni ce!" tana dukan gilashin wayar da tafin hannu. Ni ina ta murna wai 'yata ta san ni, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da ta sani ido biyu ne da murya da ƙyalle ba. Sau ɗaya na samu na je gida na kwana goma, yarinyar nan tana ganina ta tsandara ihu ta shige bayan kakarta, na ce ƙuiya ce, za ta wuce.

Ana gama gasar ƙwallo ta Kofin Duniya da aka yi a nan takardunsu suka fito, suka iso. Na je filin jirgi da 'yar tsana da alewa, na durƙusa na buɗe hannu, Walida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Umma, wane ne?" Bilkisu ta ce Abbanki ne mana. Ta girgiza kai ta nuna jakar uwarta, ta ce Abba yana cikin waya. Daga ranar nan kuma ta raɗa min suna Kawu.

Ku yi dariya in kun ga dama, ni ma da a wurin wani na ji da na yi. Amma wallahi kishi na yi, kishi na gaske mai hana cin abinci. Akwai wani tsohon bidiyo nawa da uwar ta ajiye a wayarta, shi yarinyar ke kallo safe da yamma, ta sumbaci gilashin, ta ba shi labarin abin da ta ci, har ta kai ƙarata wurinsa, wai Kawu ya hana ta taɓa fanka. Ina zaune a gefe kamar baƙon da ya zo cin arziki. Ni na yi wahalar, ni na kwana tsaye, amma wancan mai ƙyalle a baki shi ke kwashe ladan. Bilkisu ta ce min, "Abban Walida, ka sa takunkumin mana ko sau ɗaya ta gane." Na ce Allah ya kiyaye, ni ba zan rufe fuska a cikin gidana ba don 'yar da na haifa ta yarda da ni. Taurin kai dai irin namu na maza.

Abin da ya ƙara hura min wuta shi ne gidan wani abokina injiniya, mutumin Gusau, da ke Al Rayyan. In muka je ran Juma'a 'ya'yansa uku suna hawa kansa kamar bishiya, wannan ya ja gemu wannan ya cire hula, shi kuma yana wani "ku ƙyale ni mana" na jin daɗi, ni kuwa tawa tana maƙale da zanen uwarta tana hararata. Shi ya ba ni shawara. Ya ce, "Malam, ga manyan jiragen ruwan nan da aka saukar da 'yan kallon ƙwallo a ciki, yanzu irinsu sun fara yawon shaƙatawa. Yalla, maza kwashe su ku yi kwana huɗu a teku, ba aiki ba sabis, dole ta saba da kai, khalas, shi ke nan."

Haka aka yi. Jirgin nan gari ne guda, hawa kan hawa, da wurin wankan yara, da wurin cin abinci da ba a rufewa. A bakin shiga suka ɗaura wa Walida wani ɗan awarwaron roba mai lambar ɗakinmu, suka ce kada a cire. Na ɗauke ta zan nuna mata Doha tana ja da baya, ta banƙare tana kuka sai an ba uwarta. Na saya mata askirim ta karɓa ta ce, "Na gode Kawu," a gaban wani Balarabe da ya ɗan ji Hausa a wurin direbansa, har ya tambaye ni ina uban yarinyar. Na yi murmushin yaƙe.

A rana ta uku, ranar da jirgi bai tsaya ko'ina ba sai ruwa gaba ruwa baya, da hantsi muna ɗaki Walida ta ɗauki wayar uwarta ta buɗe bidiyon nan, tana nuna masa teku ta taga, wai "Abba ka ga ruwa." Ni da na biya na kawo ta ban samu wannan ba. Raina ya ɓaci, na fizge wayar na goge bidiyon a gabanta, na jefa wayar cikin ɗan akwatin ƙarfen da ke ɗakin na kulle. Ta fasa kuka tana kiran Abba, Abba. Sai na tsinci bakina yana cewa, "To in yana da ƙafa ya zo ya ɗauke ki mana!"

Bilkisu ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzu billahi! A tsakiyar ruwa kake irin wannan magana? Ka ce astagfirullah." Ban ce ba. Ta goya yarinyar ta fita da ita wurin wankan yara, ni kuma na zauna ina huci har azahar ta yi, na yi salla, na ɗan huce, na ce bari in bi su in ba da haƙuri.

Rana tsaka fa, jama'a, haske ko'ina, yara na ta ihu a ruwa, ana kiɗa. Na hango Bilkisu zaune ita kaɗai a kujera tana murmushi. Tana ganina ta ce, "A'a, har ka canja kaya? Ina ka baro ta?" Na ce wa? Ta ce, "Walida mana. Kai, amma yau ka yi dabara, ai da tuni ka ji maganata. Ka ga yadda ta rugo kuwa?" Na ce Bilkisu me kike faɗa ne, ni yanzu na fito daga ɗaki. Murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta ce ba ni ne na zo yanzu da shuɗin kayan asibiti da takunkumi ba, na tsaya can bakin matakala na ce wa ke kan layi, yarinyar ta ƙwace daga hannunta tana ihun Abba, na ɗaga wa ita Bilkisun hannu alamar ta huta, muka tafi? Ta ce muryata ce, tafiyata ce, har ɗan karkata kafaɗar da nake yi. Ni kuwa kayan nan suna Al Muntazah rataye a bayan ƙofa.

Zan faɗa muku abin kunya, don na yi alkawarin ba zan ɓoye komai ba. Kafin tsoro ya zo min, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Da gudu ta je wurinsa?" Sai da Bilkisu ta ƙwalla salati sannan hankalina ya dawo jikina.

Muka rabu, ita ta yi wurin jami'an tsaron jirgin suna ta magana a oba-oba, ni na bi hanyar da ta nuna. Na sauka na hau, na leƙa wurin abinci, na leƙa shaguna, ina kiran sunanta har muryata ta dushe, Turawa na kaucewa suna kallona. Ban san me ya ja ƙafata zuwa can ƙarshen jirgin ba, wurin da ba kowa saboda zafin rana da ƙarar inji. Na tsaya a wani ɗan baranda na leƙa hawan da ke ƙasa da ni, sai ga ta.

Tana tafe tana dariya, irin dariyar da ban taɓa samu daga gare ta ba, hannunta na dama a sama kamar yadda yaro ke yi in babba ya riƙe shi. Ba kowa a gefenta. Wallahi tallahi ba kowa, ko inuwa babu sai tata. Amma tana ɗaga kai tana surutu, tana yin shiru kamar mai sauraren amsa, ta sake ƙyalƙyalewa. Sai na ga ƙafafunta sun bar ƙasa, ta yi lilo gaba ta sauka, yadda uba ke yi wa 'yarsa a hanya. Kuma shingen bakin jirgin suka nufa, bayansa ba komai sai farin kumfar da inji ke tayarwa.

Na ce "Walida!" da iya ƙarfina, ko waige ba ta yi ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, ayar da nake karantawa tun ina yaro, ta kakare min a tsakiya. Matakalar da zan sauka tana da nisa, na san kafin in zagaya an gama. Suna isa shingen, wanda ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, na ga ta buɗe hannu biyu, ta fara tashi sama a hankali kamar an ɗauke ta ta hammata za a nuna mata ruwa.

Ban san lokacin da na cire hulata na rufe hanci da baki da ita ba. Na daidaita murya yadda nake yi a asibiti, hawaye na zuba cikin hular, na ce, "Salamu alaikum, wa ke kan layi? Hajiyata ce?"

Ta tsaya cak a sama. Ta juyo ta ɗago kai ta gan ni, ta ce, "Ni ce." Ta dubi gabanta, ta sake dubana, ta ce, "Abba biyu." Na ce zo Hajiyata, zo wurina, ban cire hular ba. An ɗauki ɗan lokaci da ni dai na ji kamar shekara, tana kallon wancan wurin da ba kowa tana gyaɗa kai. Sannan aka sauke ta. Ba faɗowa ta yi ba, a hankali aka ajiye ta kan ƙafafunta, har na ga rigarta ta miƙe ta baya kamar an gyara mata. Ta taho wajen matakala, ni kuma na gangara kamar mahaukaci na rungume ta. Hannunta na dama sanyi ƙalau, yana ƙamshin man wanke hannun da muke amfani da shi a asibiti lokacin korona, wanda rabona da jin ƙamshinsa an fi shekara.

Shugaban masu tsaron ya duba kyamarorinsu ya ce ita kaɗai aka gani tana tafiya, ya yi mana faɗa kan sakaci. Na tambaye shi ƙofar ƙarfen da ke fita can baya, wadda ni kaina sai da na sa kafaɗa kafin ta buɗu, wa ya buɗe mata? Ya ce wataƙila iska ce, amma bai kalli idona ba. Wata 'yar Indiya da ke zaune kusa da Bilkisu kuwa ta rantse ta ga mutumin, har ta ce a ranta wannan likitan bai san an daina sa takunkumi ba.

Na je ɗakin shan magani na jirgin na roƙi takunkumi, da shi na ƙarasa tafiyar, da shi na yi sati biyu a gida, kullum ina ɗan sauke shi kaɗan, har ranar da ta cire min da hannunta ta ja gemuna. Yanzu Abba take ce min, alhamdu lillahi.

Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya wa ko Bilkisu ba. Bayan kamar shekara muna tafiya a bakin teku da yamma, ni da ita, ta tsaya tana ɗaga wa ruwa hannu. Na daure na ce, Hajiyata, ranar nan a jirgi me ya sa kika taho wurina? Ina jira ta ce don kai ne Abbana. Ta ce, "Shi ya ce in je. Ya ce wancan kuka yake yi, ki je ki rarrashe shi."

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, kishin bai gama fita ba, don ashe ba ƙwato ta na yi ba, bar min ita aka yi. Ban san ko mene ne ba, ban kuma son in sani. Ni dai shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana da ke aiki nesa da iyali, in za ku kira 'ya'yanku ku buɗe musu fuskarku su gani. In kuma rai ya ɓaci, ku kama bakinku a kan yaro, kada ku ce wani ya zo ya ɗauke shi ko da wasa, don ba ku san wa ke kan layi ba.