Abin da Juji Ya Ce Bayan Na Tafi Ɗebo Kara

A ƙauyenmu da ke gabas da Bande, idan sanyi ya shigo an gama kai gero rumbu, Kaka Delu takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, ana ture-ture, kowa na son kusa da wuta. Wuri ɗaya ne ba a gardama a kansa, wato jikin ƙafarta ta dama. Wannan na Idi ne.

Idi ɗan gwaggona ne, taubashina. Yaye aka kawo shi wurin Kaka, shi ke nan ta hana a mayar. Shi take kira "angona", ni kuwa "tsohon miji, ci tuwo ba cefane". Na san wasan kaka da jika ne, amma wallahi yana ci mini rai. Ƙanzon tukunya nasa, gefen zanenta nasa, aike kuwa nawa, wai don na girme shi.

Kafin ta fara takan ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu amsa, "Ta zauna nan!" Tatsuniyar da na fi so ita ce ta tulun dafi. Wani maharbi ya mutu ya bar tulu cike da dafin kibiya, duk inda ya ɗiga ko tsiro ba ya fita. Mutanen gari suka kai wa Tabki, ya ce a zuba, da safe kifi ya taso ciki sama. Suka kai ragowar wa Wuta, hayaƙinta ya kakkaɓo tsuntsaye daga bishiya. Suna tsaye sun rasa ta yi, sai Juji na bayan gari, wanda ba mai gaishe shi, ya yi gyaran murya. A nan Kaka takan shaƙe murya ta ce, "Ku kawo nan, 'yan nema. Me ban ci ba a garin nan?"

To, daidai nan wutar ke lafawa, kullum. Kara ba ya daɗewa. Sai ta ɗago ta ce, "Habu, tsohon miji, tashi ka ɗebo kara." In ce, "Idi fa?" Ta ce, "Angona sanyi yake ji." In tafi bayan rumbu ina ƙunƙuni, in dawo da rungumen kara, in tarar tana cewa, "Sai gari ya ci wake ya ƙoshi." Wane wake kuma? Ina dafin ya tafi? In tambayi Idi, ya murguɗa baki ya ce sirrin ango ne. Na rantse a raina ba zan ƙara tambayarsa ba. Har Kaka ta rasu ban ji tsakiyar tatsuniyar nan ba.

Yau ni da Idi duk magidanta ne, muna noman rani a fadama ɗaya kusa da Magariya, darni kawai ya raba garkata da tasa. Cikin 'yan shekarun nan maganin ciyawa ya cika kasuwa, ana shigo da shi daga ƙetaren iyaka, kowa ya goya tankin feshi ya huta da noma. Shanu kuma suna cin ciyawa da karan wuraren da aka fesa. Bara waccan ni da Idi muka ɗebo kashin shanu a garke ɗaya. Ni na jibge nawa, ya ɗan sha iska, na watsa a fangalai na dasa tumatir. Shi ya zuba nasa a rami, na yi ta yi masa dariya ta kan darni, ina cewa mushe yake binnewa.

Tumatirina ya tashi ganye a nannaɗe, ya tsuke, ko fure bai riƙe ba. Malamin gona ya duba ya ce sauran maganin ciyawa ne ya biyo kashin shanun. Na Idi kuwa, da ya yi da tsohon takin da ya shekara a raminsa, kore shar. Kullum na ɗaga kai sai idona ya faɗa a kansa, in yi sauri in kau da kai. Ranin nan ya riga ya tafi, kuma idan ranin gaba ma ya lalace, ba ni da abin yi sai in bar garkar in tafi ci-rani, in bar yara da uwarsu.

Ramin nan nasa ya tuna mini da Jujin Kaka, amma sai da na yi kwanaki ina kewaya darnin nan kafin na shiga. Na same shi cikin rami yana juya taki, tururi na tashi.

Ya ce, "A'a, bawana, yau ka tuna da ubangidanka?"

Na ce, "Bar wasan nan, Idi. Me Juji ya ce?"

Ya dogara da shebur ya dube ni. "Wai har yanzu ba ka sani ba?"

"Ina zan sani, ina can ina ɗebo maka kara?"

Bai yi dariya ba. Ya shaƙe murya, sai ga Kaka Delu a bakinsa, har yadda take jan numfashi. "Zan ci dafinku, amma ba na cin abu gaya. Ku haɗa mini da kara da ganye da toka da ƙasa. Ku ba ni ruwa, kada ku jiƙa ni sharkaf. In cikina ya yi zafi ku juya ni, in ya huce ku sake juyawa. Kuma in na ce muku na gama, kada ku yarda, ni ma ina da ƙarya. Ku ɗebi kaɗan a kasko ku shuka wake. In ganyensa ya buɗe, na gama. In ya dunƙule, ku mayar mini da abina."

Na samu abin da na zo nema, amma ƙyashin da na ji ya fi na tumatir. Ni fuskarta ma ta fara ɓace mini, shi kuwa ga muryarta a ajiye cikin maƙogwaronsa, ya fito da ita duk lokacin da ya ga dama.

Na haƙa ramina. Na kwashe takin da na watsa, na haɗa yadda Juji ya ce, na yi watanni ina shayarwa ina juyawa. Waken farko ya fito a dunƙule. Idi ya leƙo ya ce wani maganin taurin kai gare shi, wani ma ba ya jin rami sai ya daɗe a ƙasa, shi ya sa ba a tsallake wake. Na mayar, na ƙara ganye, na jira. Na biyu ya buɗe ganye tas. Ban tafi ci-rani ba.

Na sha tunanin abin da Kaka ke nufi. Ita ba ta taɓa ganin tankin feshi ba, ta dai san cewa mugun abu ba ya tafiya don an jefar da shi nesa, sai an zauna da shi ana juyawa. Na gwada wa zuciyata wannan, ban ce ya yi aiki ba tukuna.

Da sanyin bana na hura wa yarana wuta, na ce yau zan ba su tulun dafi daga farko har ƙarshe. Na kai wurin Juji, na shaƙe murya iya ƙoƙarina. Ƙaramar 'yata Hauwa ta yamutsa fuska ta ce, "Baba, ba haka Juji ke magana ba. A kira Kawu Idi, shi ya iya."

Na aika a kira shi.