Tafkin da ya rage a suna

A ofis ana kiranta Uwar Tambaya, ni kuwa Yaya nake ce mata. Shekara goma sha ɗaya ina share ƙarƙashin teburinta, tana ɗaga ƙafafu tana tsokanata wai in rage mata ƙurar ta yi tsaraba. A kwano ɗaya muke cin abincin rana, a bayan kabad ɗin taswirori.

Aikinta duba abin da kwamfuta ta haɗa. Ta taɓa yi mini bayani: ana zuba wa na'urar dubban sunayen garuruwa, ita kuma ta lalubo kalmomi irin su tafki, kurmi ko fadama a cikinsu, sai ta rubuta cewa nan akwai ruwa, can akwai daji. Abokan aikinta kan duba layi ɗari kafin azahar. Ita da ƙyar take yin ashirin, don ba ta amincewa da layi sai ta ji daga bakin wanda ya taka wurin da ƙafarsa. Tana da wani tsohon littafi cike da lambobin wayar direbobi, ungozomomi da malaman firamare.

A watan da ciwo ya fara cin ta aka ce a fitar da jerin ƙauyukan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Duk inda na'ura ta ce akwai ruwa, an cire shi. Cikin waɗanda aka cire har da wani ƙauye mai tafki a sunansa. Kwana uku tana kiran direban da ke zuwa kasuwarsu, bai ɗauka ba. Shugaban sashe ya zo ya tsaya mata a ka, ya ce jerin zai tafi ranar Alhamis, ko so take ta ce na'ura ƙarya take yi?

"Ba ta yi ƙarya ba, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Suna ta karanta. Ƙishirwa ce ba ta taɓa ji ba."

Ranar Laraba aka kwantar da ita a asibiti. Ta damƙa mini wayarta, ta ce in ci gaba da kira. Na ce ni da ko firamare ban gama ba? Ta harare ni, ta ce tambaya ba ta neman satifiket.

Da la'asar direban ya ɗauka. Dariya ya yi, ya ce tafkin ya ƙafe tun yana goye, yanzu ƙwallo ake bugawa a ciki, mata kuwa tafiyar awa biyu suke yi da jarkoki. Na sa ya maimaita, na naɗi muryarsa. Washegari da safe na ajiye tsintsiya na shiga wurin shugaban, na kunna masa muryar direban. Sau biyu ya saurara, sannan ya mayar da sunan ƙauyen cikin jerin.

Da na gaya mata, ta lumshe ido, ta ce saura layi sittin.

Kwana tara ta ƙara a duniya. Allah ya jiƙanki, Yaya.

Bayan wata huɗu wayarta ta yi ƙara a jakata. Direban ne, yana neman matar nan mai yawan tambaya ya gaya mata ruwa ya fito. Na ce masa zan isar.