Akuyar Maƙwabci da Wuƙar Baba

A ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, akwai gida ɗaya na Kiristoci. Hausawa ne kamar mu, gonarsu tana iyaka da tamu. Kowace Kirsimeti Baba ne yake yanka musu akuya, don Musulmi su ci naman ba tare da shakka ba. Su dafa, su raba gida-gida. Mu ma da Babbar Sallah mu aika musu da cinya.

Shekarar da Baba ya rasu, garin ya riga ya canza. Masallacinmu ya rabu biyu, har ƙanena ya daina bin tsohon limaminmu sallah. Ana gobe Kirsimeti, aka ce ta lasifikar sabon masallaci duk wanda ya taya Kiristocin hidima ya kuka da kansa. Ba a kama suna ba, amma kowa ya san wuƙar Baba a hannuna take.

Da safe tsohon nan, mai gidan Kiristocin, ya yi sallama, riƙe da igiyar akuya. Bai roƙe ni ba.

"Ɗana, in ba za ta yiwu ba, ba komai," in ji shi. "Sai mu yanka da kanmu, mu ci mu kaɗai."

Wannan "mu kaɗai" ita ta karya mini zuciya. Amma tsoro nake ji ƙwarai. Ni ba jarumi ba ne, ko kare ya yi haushi hanya nake canzawa. Rumbuna rufin ciyawa ne, ashana ɗaya ta ishe shi. Na kwantar da akuyar tana fuskantar gabas. Wasu samari suna tsaye a bakin gona suna kallo. Na yi bisimilla, na yanka.

Ba wanda ya taɓa rumbuna. Bayan azahar matar tsohon ta raba kwanukan nama gida-gida. A wajenmu ba a mayar da kwano wayam, sai da ɗan tukwici a ciki. Na zauna a ƙofar gidansu ana dawo da su. Na tsohon liman ya zo da goro, waɗansu da gyaɗa.

Na ƙarshe ya zo da nauyi. Ta buɗe, ga nama ba a taɓa ba, mai ya daskare a kai. Daga gidan ƙanena yake.

Ta mayar da murfin da sauri, ta ce mini wataƙila azumi suke yi.