Kawu Badaru da Ƙaramar Roba

Duk wanda ya saba sayen karfasa a kasuwar kifi ta Haɗeja, da wuya bai taɓa cin kamun Kawu Badaru ba. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai. Ya fi shekara talatin yana jifa da birgi, ragar nan mai dalma a gefe da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa kamar faifai. Yakan tattara rabinta a hannun dama, rabi a hagu, ya ciji igiyar gefen da haƙoran gaba, ya juya ƙugu, ya saki. Dole hannu da baki su saki tare. In baki ya riga, raga ta faɗi a dunƙule. In ya makara, ta nemi tafiya da haƙorinka. Masunta kan tsayar da jiragensu don kawai su kalli jifarsa, kuma ya san suna kallo. Tsayuwar nan a goshin jirgi ita ce rayuwarsa.

Ni Haris, wurina baya. Ni ke tura jirgi da gora cikin ciyawar kacala ina kallon ƙeyarsa. Shekara tara ke nan. Na san ƙeyar nan fiye da fuskata.

Kawu ba ya faɗa, ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya raba bakinsa da goro. Aibinsa biyu ne: minshari da Abdulmuhaimin.

Abdulmuhaimin ɗansa ne, taubashina, wata huɗu kacal ya ba ni. Yana aiki a wani kantin magani a Kano. Bai taɓa tura jirgi ba, sau ɗaya da ya shiga amai ya yi mana a kan kifi. Amma ko atishawa ya yi a waya, sai Kawu ya ba majalisa labari. Ni ko kada na kamo da hannu, abin da zan ji shi ne, "To, ɗaure jirgin da kyau."

Minsharin kuwa ba irin na kowa ba ne. In ya kishingiɗa gindin tsamiya bayan azahar, sai ka ji kamar injin ban ruwa, can sai ɗif. Shiru. Ka ƙirga goma, ka ƙirga ashirin, har ka fara salati, sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe. Ya wuni yana gyangyaɗi. Wata rana da hantsi barci ya ɗauke shi a tsaye da igiya a baki, ya tafi ruwa da raga da komai. Ni na faɗa na tsamo shi. Kafin la'asar labarin da ke yawo a unguwa shi ne Abdulmuhaimin ya ce a kawo babansa Kano.

Likitoci suka ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in ya yi barci. Akwai injin da ke hura iska, amma sai da wutar lantarki, mu kuwa mun daɗe ba ma ga maciji da ita. Sai aka tura shi wurin likitan haƙori, ya auna bakinsa ya yi masa roba. In zai kwanta ya sa, ta kama haƙoran sama da na ƙasa, ta jawo muƙamuƙin ƙasa gaba don hanyar iska ta zauna a buɗe.

Ranar da ya dawo, tsakar gida ta cika. Ya buɗe ɗan akwati, sai ga roba biyu: babba, da wata 'yar ƙarama kamar ɓarin biskit mai shatin haƙoransa.

Inna Suwaiba, matarsa, ta ce, "Malam, wannan 'yar fa?"

"Gyara ce," in ji Kawu. "Duk biyun likita ya sa na ciza. Babbar ta aiki, ƙaramar ya ɗora mini saboda ya ga mutuncin Abdulmuhaimin. Adana ta a langa, ranar da babbar ta gaji sai a ɗauko."

Ai mu haka muka sani. Ko tumatir ka saya, ana ɗora maka gyara. Bayanin kuma da Turanci likita ya yi wa ɗan, shi kuma yana sauri ya koma kanti, ya sa uban a mota ya ce komai na cikin takarda.

Na ɗauki takardar. A aji uku na ƙaramar sakandare na yi sallama da boko, amma ban fito hannu wofi ba. Na gane kalmar safiya, na gane cizo, ga lamba goma, ga hoton mutum da ƙaramar a baki da rana tana fitowa ta taga. Ko jaki ya ga hoton nan ya gane: in ka cire babbar da safe, ka ciji ƙaramar minti goma, muƙamuƙi ya koma mazauninsa. Na buɗe baki ke nan, Kawu ya fizge.

"Kawo nan, sarkin surutu, kar ka shafa mata ƙarni. Wannan karatun manya ne."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce a raina, to, manya su karanta.

Gaskiya robar ta yi aiki. Gyangyaɗi ya tafi, idonsa ya washe, Inna Suwaiba har ƙiba ta yi. Amma da safe sai ya tashi da yawu a matashi, gindin kunnensa na ciwo, haƙoran baya sun ƙi haɗuwa. Da farko kafin hantsi komai ya daidaita. Bayan wata shida sai azahar. Da shekara ta zagayo, goro sai ya yanka da wuƙa, haɓarsa ta turo gaba kamar mai shirin gardama. Na riƙa tsokanarsa: "Kawu, wa ya taɓa ka?" Abdulmuhaimin ya zo sallah da sabon agogo, ya dubi uban ya ce, "Baba, ka yi fes!" Na ce, "Likitan kanti, ba ka ga komai ba?" Ya ce, "Na ga har yanzu kana warin tarwaɗa." Da ya tambaye ni da kyau, da wataƙila na faɗa. Wataƙila.

An ce kuma Kawu ya koma a duba bakin bayan wata shida. Lokacin ruwa na janyewa ne, kifi ya taru a kududdufai. Wa zai bar wannan ya tafi Kano buɗe baki?

Sai jifa ta fara lalacewa. Haƙoran ƙasa sun wuce na sama, igiya ba ta zama. Raga ta faɗi a dunƙule sau ɗaya, sau biyu, a gaban mutane. Ya ce iska ce. Rannan ya danne igiyar da ƙarfi don kar ta kuɓuce, muƙamuƙi ya riƙe, ya makara. Ya zauna a goshin jirgi dafe da baki, jini na bin yatsunsa. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Wannan karon ni na raka shi Kano. Likitar da muka tarar daban ce, wata mace mai suna Adila, ta yi Hausa tsaf. Ta ce robar takan tura haƙora a hankali, ga dasashinsa dama ba ƙarfi. Biyu na ƙasa suna girgiɗi. Za ta sassauta robar, ya ci gaba da sawa don numfashi ya fi komai, ƙaramar kuma kullum da safe. Ciwon zai ragu, amma haƙoran da suka matsa ba lallai su koma ba. Cizon igiya kuwa, an gama.

A mota na zauna ina jira ya ambaci sunan ɗansa da ɓacin rai, ko sau ɗaya. Har muka wuce Kaugama. Sai ya ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ba don shi ba da yanzu ina ƙasa."

Na ce, "Kawu, tun ranar farko na gane abin da takardar ta ce. Na yi shiru ne."

Ya juyo ya daɗe yana kallona da wannan haɓar tasa. Bai zage ni ba. Na so ya zaga. Ya ce, "Don me?"

Na ce, "Don ba a tambaye ni ba."

Muka iso gida. Kwana uku bai je bakin kogi ba. A na huɗu ya fito da birgi a kafaɗa, muka sauka gaɓa, na kama gora zan koma baya. Ya karɓe ta daga hannuna, ya sauke mini ragar a ƙirji, nauyin dalma ya kusa kai ni ƙasa.

"Wuce gaba," ya ce. "Tunda ka iya rufe baki, rufe shi a kan igiya."

Masunta biyu suka tsayar da jiragensu. Na ciza, na juya, na saki. Rabinta ya buɗe. Daga bayana na ji ya ce, "Jawo. Sake."