Takardar Asalin Jiha Ta Kashe Mana Matatar Ruwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Borokiri a Fatakwal don neman tallafi, ni da abokin bincikena, ɗan Kudancin Kaduna. Shekara uku muna aikin wata matatar ruwa ta yumɓu da muke shafe wa ƙwayoyin azurfa ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, su kashe cutar da ke cikin ruwa. Fasahar nano ke nan. Sinadaranmu sun ƙare, ɗakin gwajin da ya ara mana teburi kuma ya ce ko mu samo tallafi kafin ƙarshen wata ko mu kwashe komatsanmu.

A tashar Rumuokoro kuɗin mota ya yi tashin da har na tambayi kwandasta ko jirgi za mu shiga. Kwalin matatar ma sai da aka saya masa kujera. Ramukan hanyar Owerri suka yi ta jijjiga mu, ina riƙe da shi kamar jariri.

A Onitsha muka sauka wajen wani Alhaji dillalin albasa, aminin mahaifina. Ya karɓe mu hannu biyu, tuwo da miyar kuka har da man shanu. Muka tace masa ruwan rijiya ya sha, ya yaba, sannan ya ce a nuna masa azurfar. Na ce sai da na'ura.

"Ɗana, abin da ban gani ba, ban auna ba, ba na sa masa kuɗina."

Ya sa mana albarka, ya haɗa mu da rabin buhun albasa. Shi dai bai yaudare mu ba.

Mun kwana a unguwar Abakpa Nike a Enugu, muka karya da okpa, irin alalen gurjiyar nan ta Enugu, muka hau keke napep zuwa ofishin wata gidauniya mai tallafa wa masu bincike. Nan raina ya ɓaci. Matar da ke karɓar takardu ko kallon kwalin ba ta yi ba, takardar shaidar asalin jiha ta nema. Tawa ta Katsina ce, garin da sau biyu na taɓa takawa. Ta turo mana da fayil ɗinmu, wai tallafin na 'yan asalin yankin ne, mu nema a gida.

"Madam, a Borokiri aka yanke min cibiya," na ce. "Ruwan da yaranku ke sha muke tacewa."

Ta ce doka ce. Bara kuwa da na nema a arewa, cewa aka yi ruwan Fatakwal ba matsalarsu ba ce.

Haka muka dawo Rumuokoro da kwalinmu. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, a ƙasar nan sai an tambayi inda aka haifi kakanka kafin a tambayi abin da ka ƙera. Jiya muka kwashe kwalabenmu daga teburin. Abokina ya karɓi aikin koyarwa, ni kuma da safe na sayi ruwan leda kamar kowa a layinmu.