Kabad ɗin Kawu da Na'urorin Ɗansa

Ƙamshin sabon kwali ne ya mayar da ni Bakura. Ina zaune a falon taubashina, ɗan kawuna, a nan Talata Mafara, ya jera mini abubuwa uku da wani mai shago abokinsa ya ba shi ya gwada: babbar waya, da kwamfutar hannu mai faɗin faranti, da wata siririyar na'ura wadda ba ta iya komai sai nuna littafi. Wai shawarata yake nema, tunda ni malamar makaranta ce.

Amma bai bar ni na yi magana ba. Ya ce waya tana gajiyar da ido. Mai faɗin tana shan caji, ga wuta sai ta ga dama take zuwa. Siririyar kuwa fuskarta kamar takarda, cajinta yana daɗewa, sai dai ba ta da kala, wanda ya gan ta ba zai san mai tsada ce ba. Da ya tsagaita na tambaye shi wane littafi yake son karantawa. Ya ce zai duba.

Ka ga, na san wannan halin tun ina yarinya. Duk hutun damina akan kai ni gidan kakata a Bakura, inda kawu yake da ɗaki a bakin zaure. Malamin gona ne, kuma yana da kabad mai gilashi cike da littattafai masu ruwan zinariya a gadon baya. Makullin ba ya barin aljihunsa. In baƙo ya zo, sai ya shimfiɗa masa darduma daidai inda zai fuskanci kabad ɗin. Ni kuwa nakan manna goshi a gilashin ina haɗa baƙaƙen sunayensu, ruwa yana dukan kwano, ƙamshin dafaffiyar masara yana shigowa daga cikin gida. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na roƙe shi aron guda.

"Wanga ba kayan yara na ba," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ba. Na koma ina karanta rubutun buhun taki da guntayen jaridar da ake ƙunshe ƙosai a ciki.

Wata shekara da aka yi ruwa sosai, wani babban baƙo ya zo daga Maradun, ya nemi ganin wani littafi a ciki. Kawu ya fito da makulli yana hura hanci, ya buɗe, ya jawo. Bango kawai ya biyo hannunsa, jar ƙasa ta zubo kan dardumar baƙon. Gara ta shigo ta bayan kabad ta cinye su kaf. Da labari ya kai cikin gida, kaka tana tsince rama, ta ce, "To, an dai samu mai karantawa."

Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Kawu ya share ƙasar, ya sake jera bangayen yadda suke, ya kulle. Haka suka ci gaba da karɓar baƙi har ya rasu.

Na ce wa taubashina ya ɗauki duk wadda ya ga dama. Ya zaɓi mai faɗin, domin ita ake gani in ya riƙe a taro.

Zamani ya sauya, ban musa ba. Yanzu ɗalibaina suna tura wa juna littafi sukutum a ƙiftawar ido, ba sai sun roƙi kowa ba. Masu saye don a gani ne dai ba su ƙare ba. Da zan fita na leƙa kicin, na tarar da 'yarsa a kan turmi, ta duƙufa kan tsohuwar wayar uwarta mai fasasshen gilashi tana karanta labari. Sau biyu na yi mata sallama, ba ta ji ba. Na ja mata ƙofar a hankali na tafi.