Rago a Hoton Aure

Shekara shida ina kiwon ragon nan kafin in yi aure, kuma duk wanda ya san ni a Agege da shi ya san ni. Balami ne fari tas, ƙahonsa ya naɗe sau biyu, wuyansa ya fi cinyata kauri. Ba ragon layya ba ne, na karo ne. Duk Lahadi nakan ja shi zuwa wani fili a bayan layin dogo inda Yarabawa da Hausawa ke haɗa raguna. Na ga ya fasa wa wani rago kai har jini ya tsarto ta hanci, na ga ya tumɓuke wa wani ƙaho, mai shi ya zauna a ƙasa yana kuka kamar an yi masa rasuwa. Ba zan yi ƙarya ba, a lokacin daɗi nake ji.

Yadda ake karon shi ne jama'a su dare gida biyu su bar hanya a tsakiya, kowa ya ja ragonsa baya, sannan a saki. Nawa ba sai an ja shi ba. Tun yana ƙarami na koya masa, da na ce "baya-baya" sai ya sunkuyar da kai ya riƙa takawa da baya shi kaɗai har ya sami tazara. Daga nan duk abin da ke gabansa ya shiga uku.

Da aka sa ranar aurena na ce ragon zai shiga hoto. Na ga yaran Legas na yi da karnukansu a waya, na ce me kare ya fi ragona? Gwaggona, wadda ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta ce in ɗaure shi a bayan gida in bar mutane su ci shinkafarsu lafiya. Ni kuwa in aka ce kada in yi abu, a nan kaina ke ƙara tauri. Na sa aka wanke shi da sabulu, aka yi masa lalle a ƙafafu da goshi, aka yanko ƙyallen shaddar da na ɗinka aka ɗaura masa a wuya.

Ban tsaya nan ba, na ce surukina ma sai ya shiga. Dattijo ne mutumin Nijar, ya tsufa yana gadin wani gida a Ikeja, kuma mai kunya ne irin ta mutanen da. Tunda na fara neman 'yarsa bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ya aiko cewa a garinsu uba ba ya tsayawa kusa da mijin 'yarsa a gaban jama'a. Na tura abokaina suka yi ta lallashi, wai nan Legas ce, kowa na yi. Don kada ya ɓata wa 'yarsa rai ya yarda.

Aka ɗaura aure da hantsi. Muka dawo ƙofar gidan su amarya inda aka kafa rumfa aka tare rabin titi, mata na can gefe da tukwane a kan wuta. Na tsaya da ragon a inda mai hoto ya nuna. Ya ce igiya za ta ɓata hoton, na kwance ta da hannuna na cusa a aljihu. Saura surukina, wanda cunkoso ya hana shi ƙarasowa daga soro. Sai mai hoton, wani haifaffen Agege mai baki kamar lasifika, ya ɗaga hannu.

"Oya, a ba Baba hanya, abeg. Baya-baya, baya-baya."

Jama'a suka dare gida biyu. Na ji gashin ragon ya zame daga ƙarƙashin tafina, na duba na ga yana takawa da baya. A ɗaya ƙarshen hanyar ga tsohon nan yana tahowa cikin farar riga, kansa a sunkuye don kada mu haɗa ido. A wurin rago kuwa, wanda ya sunkuyar da kai ya nufo ka faɗa yake nema. Na kai hannu na cafki ƙyallen wuyansa, ƙyallen ya biyo hannuna.

A cinya ya same shi. Ƙarar kamar an taka busasshen icce. Tsohon ya tashi sama ya faɗo da baya a kan murfin kwata, hularsa ta yi gefe, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake ja. Jini ya fara ɓullowa ta farar rigar, ragon kuma ya sake komawa baya don ya ƙara.

Yayan amarya, wani ɗan acaɓa mai ƙirar ƙarfi, ya ɗauki kujerar roba ya fasa wa ragon a ka. Shi kuma ragon ya juya ya kwashe shi, ya wuce ya kifar da tukunyar miya, tafasasshen mai ya watsu a ƙafar wata mata. Wuri ya kacame. Masu itacen girki, masu duwatsu, kowa duka yake kai wa ragon. Yayan amarya ya miƙe ya fizgo ƙarfen rumfa ya sauke wa ragon a fuska, idonsa ɗaya ya fashe.

Abin da na yi a nan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ban nufi surukina da ke kwance ba. Yayan amarya na nufa, na kai masa naushi a baki har haƙorinsa ya yanke ni. A gaban kowa, ranar da aka ba ni ƙanwarsa, na zub da jininsa saboda rago.

Aka raba mu, aka tsayar da motar haya ta danfo aka sa tsohon aka nufi asibiti. Kafin yayan ya shiga motar ya tofar da jini ya nuna ni da yatsa. Ya ce muddin dabbar nan na numfashi ƙanwarsa ba za ta taka gidana ba, in kuwa ragon na zaɓa, in rubuto takarda kafin la'asar. Na waiwaya ina neman wanda zai ce ya yi tsauri. Babu ko ɗaya, har abokaina. Gwaggona ta miƙo min wuƙar da mata ke yanka naman biki.

Na sami ragon a lungun bayan gidan ya jingina da bango yana haki, rabin fuskarsa jini. Ƙarti huɗu ba sa iya kayar da shi, amma ni kaɗai na kwantar da shi na ɗaure ƙafafun da igiyar da ke aljihuna. Saboda kaurin wuyan, sai da na ja wuƙar sau uku. Jinin ya wanke min shadda har ƙirji. Na zauna a gefensa har ya daina shure-shure, ina jin haushin kowa a duniya, mai hoto da yayan amarya da gwaggona, ban da kaina.

Washegari na je asibiti da kwanon abinci. An sa wa tsohon ƙarfe a cinya, likita ya ce aikin gadi kam ya ƙare. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Can ya tambayi ɗansa, wanda leɓensa ke kumbure, ina ragon. Ɗan ya ce an yanka, shi ne ma ya ce a yanka, kuma angon ne ya yanka da hannunsa. Na ɗan ɗago kai ina jiran a ce na kyauta.

Tsohon ya gyara kwanciya. Da ya buɗe baki ma ba da ni ya yi ba, da ɗansa ya yi.

"Dabba ta yi abin da aka koya mata, kun yanka ta. Wanda ya koya mata ga shi nan ya kawo mini tuwo."

Ya ce a kai min matata ran Juma'a, tunda an riga an ɗaura. Sannan ya ja mayafi ya rufe fuskarsa, ni kuma ina durƙushe da kwanon a hannu, ba wanda ya karɓa.